Yadda Ake Fara Binciken Gado da Tsutsar C. elegans a Ɗakin Gwaji a Legas

Ɗalibin ilmin halittu da ke karatu a Akoka ko Idi-Araba ko Ojo, wanda yake son ya yi binciken gado da hannunsa amma ɗakin gwajinsu ba shi da ƙarfin kiwon ɓeraye, yana da wata dabba da za ta isar masa, ita ce tsutsar da ake kira Caenorhabditis elegans. Tsawonta bai wuce milimita 1 ba, jikinta garau yake har ana ganin kayan cikinta a ƙarƙashin madubin hangen ƙananan halittu, tana girma daga ƙwai zuwa balaga cikin kwana uku da rabi, kuma guda ɗaya takan haifi 'ya'ya kusan 300. Sydney Brenner, haifaffen Afirka ta Kudu, shi ne ya zaɓe ta a birnin Kambirij na Ingila, ya kuma fitar da bayanin gadonta a 1974. Tun daga lokacin aikin da aka yi da ita ya jawo kyautar Nobel a 2002 da 2006 da 2008 da kuma 2024. Kayan da ake bukata ba su da yawa, kuma mafi yawansu akwai su a kowane sashen nazarin ƙwayoyin cuta. Abin da ke kayar da mutane a Legas shi ne zafi, don haka da shi za a fara.

Zafi da wutar lantarki

Wannan tsutsa tana rayuwa lafiya tsakanin digiri 15 da 25 a ma'aunin Salsiyos, kuma yawancin masu bincike a digiri 20 suke ajiye ta. Da zarar zafi ya haura 25 haihuwarta takan fara raguwa, idan ya kai 27 zuwa sama kuma ya daɗe sai ta daina haihuwa gaba ɗaya. Duk mazaunin Legas ya san cewa ɗakin da babu na'urar sanyaya iska yakan wuce wannan mizani da rana, musamman daga Fabrairu zuwa Afrilu, saboda haka ajiye faranti a kan tebur, kamar yadda ake yi a ƙasashe masu sanyi, hanya ce ta rasa tsutsotsin cikin mako guda. Ana bukatar akwati mai sanyayawa, domin inkubetar da aka saba gani a ɗakunan gwajinmu ɗumamawa kawai take yi, an yi ta ne don bakteriya masu son digiri 37. Wanda bai sami inkubeta mai sanyi ba yana iya amfani da ƙaramin firjin nan mai ƙofar gilashi wanda ake iya saita shi tsakanin digiri 15 da 20, ko ya haɗa wa firji na gida na'urar da ke kunna shi tana kashe shi gwargwadon zafin da aka zaɓa.

Ko wanne aka zaɓa, a sa ma'aunin zafi mai riƙe mafi sama da mafi ƙasa a cikinsa, a riƙa dubawa kowace safiya ana rubutawa. Dalilin haka ya wuce tsoron mutuwar tsutsa. Zafi yana sauya saurin girmanta, tana balaga cikin kusan kwana biyu da rabi a digiri 25, amma tana ɗaukar kusan kwana shida a digiri 15, kuma akwai sauye-sauyen gado da dama da ba sa bayyana sai a zafi. Idan aka ɗauke wuta da dare akwatin ya ɗumama na wasu sa'o'i ba tare da an sani ba, sakamakon gwajin zai sauya, mai binciken kuma ya ɗora abin a kan ƙwayar gadon da yake nazari. A ganina, kuɗin farko da ya kamata a kashe na inbata ne da batir, ko sola, da za su riƙe wannan akwati shi kaɗai, kafin a yi maganar sayen madubi mai tsada. Jera robobin ruwa a ƙasan akwatin ma yana taimakawa, domin ruwa yana jinkirta hawan zafi kafin janareta ya tashi.

Abinci da faranti

Ana kiwon tsutsar a kan faranti mai ɗauke da daskararren agar, wani gari da ke daskarewa kamar kafaffen kunu bayan an dafa shi, a haɗin da ake kira NGM. Ga lita ɗaya, a auna giram 3 na gishirin NaCl, giram 17 na agar, giram 2.5 na fefton, a zuba mililita 975 na tataccen ruwa, a dafa a otokilef, na'urar da ke kashe ƙwayoyin cuta da tururi. Tukunyar girki mai matsin tururi tana yin wannan aiki idan babu otokilef. Bayan ya huce zuwa kusan digiri 55, wato yadda hannu zai iya riƙe kwalbar, sai a ƙara mililita 1 na CaCl2 mai ƙarfin mola 1, da mililita 1 na MgSO4 mai ƙarfin mola 1, da mililita 25 na ruwan fotasiyam fosfet mai ƙarfin mola 1 a pH 6, da kuma mililita 1 na kolestarol da aka narkar a itanol, miligiram 5 a kowace mililita. Kada a raina wannan na ƙarshe, domin tsutsar ba ta iya ƙera kolestarol a jikinta, kuma idan babu shi zuriyar takan lalace bayan haihuwa ɗaya ko biyu.

Abincinta bakteriyar E. coli ce, nau'in da ake kira OP50. An zaɓi wannan nau'i ne saboda ba ya iya ƙera sinadarin yurasil, don haka ba ya yin kauri a kan faranti, ana iya ganin tsutsar sarai tana tafiya a kansa. Ana raya shi dare ɗaya a ruwan abincin bakteriya da ake kira LB, a ɗiga kaɗan a tsakiyar kowane faranti ba tare da ya taɓa gefe ba, a bar shi ya kwana. Idan abincin ya kai bakin faranti tsutsotsi sukan hau bango su bushe.

Laimar Legas tana kawo matsala biyu. Ta farko, faranti ba ya bushewa da wuri, kuma idan samansa da danshi tsutsa takan yi iyo maimakon rarrafe, ko ta nutse cikin agar ɗin inda ba a iya ɗauko ta. A bar sababbin faranti su sha iska kwana biyu ko uku a wuri mai tsabta kafin a sa musu abinci. Ta biyu ita ce fumfuna, wadda ke yaɗuwa sosai da damina. A riƙa zuba faranti kusa da harshen wuta, a ajiye su a kife cikin akwatin roba mai murfi, a kuma fitar da duk wanda ya nuna tabo tun bai yi gari ba.

Tsutsar kanta da bakteriyar ana samun su daga cibiyar da ake kira CGC a Jami'ar Minnesota ta Amurka, wadda ke ajiye dubban nau'o'i tana aika wa masu bincike a kan kuɗi kaɗan. Nau'in asali da kowa ke auna sauran da shi sunansa N2, an samo shi ne daga takin noman naman kaza a Biristol. Kafin a yi oda a zauna da kwamitin kula da lafiyar gwaje-gwaje na makarantar, musamman idan za a shigo da nau'in da aka dasa wa ƙwayar gado daga waje, domin wannan yana ƙarƙashin NBMA, hukumar Najeriya mai sa ido kan halittun da aka sauya wa ƙwayar gado, da aka kafa a 2015. A kuma shirya wanda zai karɓi saƙon ranar da ya sauka, don kada kwalin ya kwana a rumbun da rana ke duka.

Koyon ɗauka da gane shekaru

Ana ɗaukar tsutsa da siririyar wayar filatinam da aka liƙa a bakin bututun gilashi, aka daddale ƙarshenta ya yi faɗi. Filatinam yana yin ja nan da nan a wuta, yana kuma hucewa nan da nan, shi ya sa aka fi son sa. A ƙona wayar, a dangwalo bakteriya mai danƙo daga gefen abincin wani tsohon faranti, a taɓa bayan tsutsar a hankali sai ta manne, sannan a sauke wayar a kan sabon faranti a jira ta sauka da kanta. Mai koyo yakan huda agar, kuma duk ramin da aka yi tsutsotsi za su bi shi su shige ƙasa. Mako biyu na yin haka kullum a ƙarƙashin madubin fiɗa mai haske daga ƙasa sun isa hannu ya saba. Idan kuwa manufar kawai a ci gaba da raya nau'in ne, yanko ɗan guntun agar daga tsohon faranti a kifa shi a kan sabo ya wadatar.

Abin da ya fi ɗauka muhimmanci shi ne ido ya iya rarrabe matakan girma. Bayan ƙyanƙyasa tsutsar tana bin matakai huɗu, L1 zuwa L4, tana yin saɓa a ƙarshen kowanne. Matakin L4 shi ne ginshiƙin aikin gado, kuma ana gane shi da wani farin tabo mai siffar jinjirin wata a tsakiyar ciki, inda mafitar ƙwai ke ginuwa. Wanda ya ɗauki L4 ya tabbata cewa namiji bai taɓa ta ba, ya kuma san shekarunta daidai, gobe da safe za ta zama baliga. Akwai kuma wani mataki na daban da ake kira dawa (dauer) a bakin masu aikin, siririya mai duhu wadda tsutsar ke shiga idan abinci ya ƙare, ko cunkoso ya yi yawa, ko zafi ya tsananta, tana iya yin watanni a haka ba ci. Ganin irinta da yawa a farantin da bai rasa abinci ba alama ce ta a duba ma'aunin zafi.

Jinsinta biyu ne. Mafi yawa mata-maza ne, masu kuromosom X biyu, waɗanda ke fara ƙera maniyyi su ajiye, daga baya su koma ƙera ƙwai, su yi wa kansu barbara. Maza masu X ɗaya ne, sun fi siranta, wutsiyarsu tana da faɗi a ƙarshe, kuma a nau'in N2 ɗaya ko biyu ake samu a cikin dubu.

Tsarkakewa da ajiya

Duk yadda aka kiyaye, wata rana baƙuwar bakteriya za ta shiga faranti. Maganinta bilic ne, domin ɓawon ƙwan tsutsar yana jure abin da jikin uwar da sauran ƙwayoyin cuta ba sa jurewa. A wanko manyan tsutsotsi masu ciki da ruwa har mililita 3.5, a ƙara mililita 0.5 na NaOH mai ƙarfin mola 5 da mililita 1 na bilic, a riƙa girgizawa ana dubawa a madubi. Da zarar jikunan sun narke ƙwai sun fito, a juya a na'urar da ke wulwula kwalba har ƙwan su kwanta a ƙasa, a zubar da ruwan, a wanke sau uku da ruwan gishirin da ake kira M9. Ƙarfin bilic na kasuwa ya bambanta, yana kuma raguwa idan kwalbar ta daɗe a zafi, don haka ido ya fi agogo amfani a nan, amma kada a bari ya wuce minti 10. Idan aka bar ƙwan suka kwana a M9 babu abinci, duk za su ƙyanƙyashe su tsaya a L1, kuma da aka zuba su a kan abinci sai su taso sa'o'in juna. Wannan ita ce hanyar samun dubban tsutsotsi masu shekaru ɗaya.

Falalar da ta fi ƙudan 'ya'yan itace, wanda shi ma ake binciken gado da shi, da ita ita ce ana iya daskarar da ita. A ɗauki farantin da abincinsa ya ƙare jiya, mai cike da ƙananan L1, a wanko su, a gauraya da ruwan giliserol mai kashi 30 cikin ɗari daidai wa daida, a raba a ƙananan kwalabe, a sa cikin kwalin soso don sanyin ya shiga a hankali, a kai firiza mai digiri 80 ƙasa da sifili. Bayan kwana biyu a narkar da kwalba ɗaya a tabbatar sun farfaɗo. A garin da wuta ba ta da tabbas, hikima ce a raba ajiyar gida biyu, wani kaso a wani ɗakin gwajin daban ko a tulun ruwan naitirojin, a kuma riƙe wasu faranti da aka naɗe bakinsu a digiri 15 a matsayin madogara.

Barbara da lissafin gado

Mata-maza ta sauƙaƙa aiki ta wani ɓangare, tunda duk sauyin da take ɗauke da shi zai fito a zuriyarta ba tare da an haɗa ta da kowa ba, amma haɗa sauyi biyu ko gano mazaunin ƙwayar gado sai da namiji. Ana samun maza ta hanyar sa wasu L4 a digiri 30 na sa'a biyar zuwa shida, abin da ke sa kuromosom X ya kasa rabuwa daidai a wasu ƙwayoyin haihuwa, sai a mayar da su 20 a nemi maza a cikin 'ya'yansu. Wannan ne kaɗai gwajin da yanayin Legas ke yi wa mutum kyauta, ko da yake gara a yi shi a inkubeta don a san iyakar zafin. Da an sami maza biyar ko shida sai a haɗa su da mata-maza biyu a farantin da abincinsa ɗan ɗigo ne, don su riƙa haɗuwa. Rabin 'ya'yan barbarar maza ne, kuma daga nan ana sabunta su kowane mako. Akwai kuma nau'o'i irin su him-5 da him-8 waɗanda ke haifar maza da yawa da kansu.

Gwajin da nake ba kowane mai farawa shawarar ya yi shi ne wannan. A haɗa mazan N2 da mata-maza mai ɗauke da sauyi biyu, dpy-5 wanda ke sa jiki ya zama gajere mai kauri, da unc-4 wanda ke hana tsutsa ja da baya idan aka taɓa kanta. Duk 'yar da ta fito da siffar uwar 'yar kanta ce, duk wadda ta fito lafiyayya kuwa 'yar namijin ce, domin kwafin lafiya da ta gada daga uba ya rinjayi na uwa. A ware L4 lafiyayyu ɗaya-ɗaya a faranti, a bar su su haihu, a ƙirga jikoki. Tunda dpy-5 yana kan kuromosom na I, unc-4 kuma yana kan na II, kowanne hanyarsa yake bi, sai a ga rabon 9 da 3 da 3 da 1, wato a cikin jikoki 160 kusan 10 ne za su haɗa lahanin biyu. Sannan a maimaita da dpy-5 da unc-13, waɗanda ke maƙwabtaka a kan kuromosom na I. A nan kusan kashi ɗaya cikin huɗu ne za su haɗa lahanin biyu, masu lahani ɗaya kawai kuwa sai an tona, kuma yawan waɗannan 'yan tsirarun shi ne ma'aunin nisan da ke tsakanin ƙwayoyin gadon biyu. Wanda ya ƙirga wannan da idonsa ya fahimci taswirar gado fiye da wanda ya haddace ta don jarrabawa. Na uku, a haɗa mazan N2 da mata-maza mai lon-2, sauyin da ke sa jiki tsawo. Duk mazan da za a haifa dogaye ne, saboda X ɗinsu guda ɗaya daga uwa ya zo, kuma haka ake gane cewa sauyi yana kan X.

Neman sabon sauyi ana yin sa da sinadarin EMS, inda ake jiƙa L4 a ƙarfin milimola 50 na sa'a huɗu. Wannan sinadari yana jawo ciwon daji, ba a buɗe shi sai a akwatin zuƙe hayaƙi da safar hannu biyu, kuma duk abin da ya taɓa sai an jiƙa shi a NaOH kafin a zubar. Ɗakin da ba shi da wannan tanadi kada ya kusance shi. 'Ya'yan farko suna ɗauke da sauyin a kwafi ɗaya, don haka a jikoki ake nema, inda kashi ɗaya cikin huɗu na zuriyar mai ɗauke da shi za su gaji kwafi biyu. Idan aka sami abin da ake so, a mayar da shi barbara da N2 sau huɗu zuwa shida don a kakkaɓe sauran ɗaruruwan sauye-sauyen da sinadarin ya bari, sannan a haɗa shi da sanannun nau'o'i masu irin lahaninsa. In 'ya'yan suka fito lafiya, ƙwayoyin gadon daban ne, in kuma suka fito da lahanin, abu ɗaya ne ya lalace a duka biyun.

Kashe ƙwayar gado ta hanyar abinci

Hanya mafi arha ga mai ƙaramin ƙarfi ita ce wadda ta samo asali daga binciken Andrew Fire da Craig Mello na 1998, inda suka nuna cewa RNA mai igiya biyu tana rufe bakin ƙwayar gadon da ta dace da ita. A wannan tsutsa ciyarwa ma ta isa. Ana amfani da bakteriyar HT115, wadda ba ta da sinadarin da ke sare RNA mai igiya biyu, ɗauke da zoben DNA mai suna L4440 da aka dasa wa guntun ƙwayar gadon da ake nufi. A zuba faranti da aka ƙara wa milimola 1 na IPTG, sinadarin da ke sa bakteriyar ta ƙera RNA ɗin, da maganin amfisilin ko kabenisilin, a shuka bakteriyar, a ɗora L4, a duba 'ya'yansu. A fara da unc-22, domin idan tsarin yana aiki za a ga tsutsotsin suna makyarkyata, kuma kullum a ajiye faranti mai zoben da babu komai a cikinsa don kwatantawa. IPTG da amfisilin suna lalacewa da zafi da haske, don haka a ajiye farantan a firji a yi amfani da su da wuri. A kuma sani cewa ƙwayoyin jijiya ba sa karɓar wannan hanya sosai, rashin ganin sauyi bai isa hujjar cewa ƙwayar gadon ba ta da aiki ba.

Kallon ɗan tayi

Nan ne wannan dabba ta yi fice. John Sulston ya zauna a gaban madubi yana bin kowace ƙwayar halitta da ido yana zanawa, shi da Robert Horvitz suka fitar da salsalar rabuwar ƙwayoyin bayan ƙyanƙyasa a 1977, ta cikin ƙwai kuma ta fito a 1983. Sakamakon ya nuna cewa kowace mata-maza tana ƙera ƙwayoyin jiki 1090, guda 131 su mutu a lokaci da wurin da aka tsara musu, 959 su rage, 302 daga ciki na jijiya ne. Bin diddigin waɗannan 131 ne ya kai ga ƙwayoyin gadon ced-3 da ced-4 da ced-9, waɗanda daga baya aka gano danginsu a jikin ɗan'adam suna da hannu a cutar daji.

Don ganin farkon wannan tafiya, a sa babbar tsutsa a ɗigon M9, a yanka ta a tsakiya da allura biyu, a tsince ƙwai mafi ƙanƙanta, a ɗora su a kan siririn shimfiɗin agaros mai kashi 2 cikin ɗari a kan gilashi, a rufe, a shafe gefe da man basilin. Madubi mai tsarin Nomarski, wanda ke fito da kayan cikin ƙwayar halitta sarai, ya fi, amma rabuwar farko ana ganinta ko da madubin talakawa idan aka rage haske. Ƙwayar farko ba ta rabuwa daidai, tana ba da babba a gaba mai suna AB da ƙarama a baya mai suna P1, kuma inda maniyyi ya shiga shi ke zama baya. AB tana riga P1 rabuwa da 'yan mintoci, kowacce kuma da fuskar da take bi. Bayan wasu rabe-rabe kaɗan akwai ƙwaya guda mai suna E wadda daga gare ta duk hanji mai ƙwayoyi 20 zai fito, da wata mai suna P4 wadda ita ce tushen ƙwai da maniyyin gobe. Cikin kusan sa'a 14 tsutsa mai ƙwayoyi 558 za ta fasa ɓawo. Idan aka ciyar da uwar da RNA ta ɗaya daga cikin ƙwayoyin gadon par, masu tsara gaba da bayan ɗan tayi, sai a ga rabuwar farko ta zo daidai wa daida, tsarin gaba da baya ya rikice. Wayar hannu da aka ɗaure a bakin madubi tana ɗaukar bidiyon da zai isa a auna lokutan rabuwa. Sai dai fitilar madubi tana ɗumama gilashin, kuma a ɗaki mai zafi wannan kan kashe ɗan tayin, saboda haka a yi aikin da sassafe ko a ɗaki mai sanyi, a riƙa kashe fitilar tsakanin dubawa.

Tambayoyin da ke bakin ƙofa

Mai bincike a Legas ba ya bukatar ya yi tsere da manyan ɗakunan gwaji a kan abin da suka riga suka yi nisa. 'Yan'uwanmu masu sayar da raguna da mahautan Oko-Oba a Agege sun san dabbar da ke ramewa, idonta ya yi fari, haɓarta ta kumbura, duk da an ɗura mata maganin tsutsar ciki. Sau da yawa mai laifin ita ce Haemonchus contortus, mai shan jini a cikin tumbin ƙarshe na tumaki da awaki, kuma dangin C. elegans ce ta kusa. Magunguna irin albendazol suna kama wani furotin mai suna tubulin, kuma a C. elegans lalacewar ƙwayar gadon ben-1 kaɗai ta isa ta hana maganin aiki. Ibamektin, wanda ake rabawa a Najeriya don makantar da ƙudan rafi ke kawowa da kuma tundurmi, yana shanye tsutsa ta wasu ƙofofin kuloraid, kuma sai an lalata avr-14 da avr-15 da glc-1 tare take samun cikakkiyar juriya. Da waɗannan nau'o'i a hannu ana iya gwada sassaƙe da saiwoyin da makiyaya ke ba dabbobi, a ga ko suna kashe tsutsa, a kuma ga ko ta hanyar da magungunan kanti ke bi suke bi ko ta wata sabuwa. A gwada ƙarfi daban-daban, a ƙirga masu motsi a lokuta ƙayyadaddu, a bar wani ya lulluɓe sunayen faranti don kada zuciya ta ja ido.

Akwai kuma farautar tsutsotsin daji, wadda kuɗinta bai taka kara ya karya ba. Dangin Caenorhabditis a cikin ruɓaɓɓun 'ya'yan itace da furanni da kara suke zama, kuma tarin ruɓaɓɓen kayan gwari na kasuwar Mile 12 ko gindin bishiyoyin da ke bakin ruwa a Akoka wurare ne da suka cancanci a duba. A sa safar hannu, domin ƙasa mai ƙazanta tana iya ɗaukar tsutsotsin da ke huda fatar mutum. A ɗebo guntu a leda, a rubuta rana da wuri da irin abin da aka ɗebo, a jera shi a gefen faranti kewaye da abinci, a yayyafa ruwa kaɗan. Cikin sa'o'i zuwa kwana biyu tsutsotsi za su rarrafo. A ware L4 ɗaya-ɗaya, wadda ta haihu ita kaɗai mata-maza ce, wadda ba ta haihu ba tana bukatar namijin da aka samu tare da ita. A ƙasa mai zafi irin tamu an fi sa ran C. briggsae ko C. tropicalis a kan C. elegans, kuma ido ba ya iya rarrabe su, sai an karanta wani yanki na DNA da ake kira ITS2 an kwatanta da abin da ke rumbunan bayanai. Duk wadda aka tabbatar da sunanta a daskarar da ita nan take, kafin zaman faranti ya fara sauya ta, sannan a raba zuriyarta gida uku a digiri 20 da 25 da 30, a ƙirga 'ya'yan kowacce, a ajiye N2 a gefe ana yi mata irin wannan ƙidaya.